Fili a Kan Gangare: A Wane Ɓangare Za a Kafa Gidan?

Da rani dillali ya fi son ya kai ka ganin fili. An ƙone ciyawa, ƙasa ta yi tauri, mota tana hawa har gindin turakun safiyo ba tare da taya ta zame ba. A Dawaki ne ko Mpape, a Dutsen Alhaji ko tsaunukan Ushafa da ke hanyar Bwari, zancen ɗaya ne: za a tsaya da kai a can sama, a nuna maka gari shimfiɗe a ƙasa, iska tana kaɗa maka riga, a ce, “Alhaji, nan ruwa ba ya kwana.” Kuma ba ƙarya aka yi ba, ba ya kwana. Abin da ba a faɗa shi ne ta ina yake wucewa, da wane irin gudu, kuma me yake ɗauka ya tafi da shi.

Tun da aka dawo da fadar gwamnatin tarayya daga Legas zuwa Abuja a watan Disamba na 1991, shimfiɗaɗɗun filayen cikin gari suka riƙa fin ƙarfin ma'aikaci da matsakaicin ɗan kasuwa. Sai jama'a suka fara hawa duwatsu. Da yawa daga cikin masu hawan kuwa mutanen Kano ne da Katsina da Haɗeja da Gusau, waɗanda suka tashi a ƙasar da za ka yi tafiyar yini ba ka haɗu da tudun da zai sa ka haki ba. Ilimin gininmu na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne: a zagaye fili da katanga, a sa zaure a bakin hanya, a jera ɗakuna, a bar tsakar gida, a huda rariya ruwa ya fita. Wannan tsari ya yi wa kakanninmu aiki shekaru aru-aru. Amma idan aka ɗauko shi yadda yake aka ɗora a kan gangare, a garin da ruwan da yake samu a shekara ya kai ninki biyu na abin da Katsina take samu, to an sayi rigima da kuɗi.

Saboda haka tambayar farko ga mai fili irin wannan ba ɗaki nawa za a yi ba ce, ba kuma wane irin kwano za a rufa ba. Tambayar ita ce a wane ɓangare na filin gidan zai zauna. Ana iya canza taga, ana iya ƙara ɗaki, ana iya sake fenti duk shekara. Mazaunin gida sau ɗaya ake zaɓarsa.

Ido yana raina gangare

Mutum zai tsaya a fili ya ce ai ɗan karkacewa ne kawai, tifa biyu ta burji za ta gyara shi. Ido ba ya iya wannan lissafin. Kafin a kira mai zane, a fara sanin faɗuwar filin daga sama zuwa ƙasa. Safiyo zai iya fitar da taswira mai nuna tudu da kwari, kuma kuɗinta bai kai na tifar yashi kaɗan ba. Wanda bai samu haka ba, siririn tiyon ruwa da magina suke ɗaukar lebur da shi ya isa ya ba shi amsa a wuni guda.

A ɗauki fuloti na yau da kullum, ƙafa 50 a 100, wato kusan mita 15 a 30. Idan ƙasar tana sauka mita ɗaya a cikin kowace mita goma, wanda a ƙafa ba ya ma sa mutum numfarfashi, to tsakanin turken sama da na ƙasa akwai mita 3. Tsawon bene guda ke nan, a ɓoye cikin filin da aka ce ɗan karkacewa ne.

Daga nan lissafi yake fara cin aljihu. Gida mai faɗin mita 10 da tsawon mita 16, idan aka miƙar da tsawonsa ya bi gangare, ƙarshensa na ƙasa zai tashi mita 1.6 kafin ya daidaita da na sama. Layin bulo shida zuwa bakwai ke nan da za a binne, ba a kai ga daɓen ɗaki ba. Ƙasar da za a zuba a cike wannan rami ta kai kubik mita 128. Idan kuwa aka juya gidan ya kwanta a gicciye, tsawonsa ya bi gefen tudun, tazarar ta koma mita ɗaya, bulo layi huɗu, ciko kubik mita 80. Gida ɗaya ne, zane ɗaya, juyawa kawai aka yi. Shi ya sa masu zanen da suka san aikinsu suke son gida ya zama siriri mai tsawo, ya kwanta a jikin tudu, maimakon ƙaton murabba'i da ya hau gangare ta kowane gefe. Matsalar ita ce fili mai faɗin mita 15 ba ya ba da damar juyawa sosai, musamman idan an cire tazarar da hukuma take cewa a bari tsakanin gini da katanga. A irin wannan hali sai dai a karya gidan hawa biyu, wanda za mu zo kansa.

Sama, tsakiya, ko gindi

Gindin fili shi ya fi jan hankali idan hanya ta can take. Mota za ta shiga cikin sauƙi, tifa za ta juye kaya a bakin aiki, baƙo ba zai yi hawa ba. Amma duk ruwan da ya sauka a filin, da wanda ya gangaro daga na maƙwabtan sama, nan ne matattararsa. Ba ruwan saman ƙasa kaɗai ba, har wanda ya nutse yana tafiya a ƙarƙashi, wanda yake ɓullowa a gindin tudu makonni bayan an ɗauke ruwa. Gidan da ke nan shi ne za ka ga fenti yana kumbura daga ƙasa, farin gishiri yana fitowa a bango, kafet yana wari a watan Agusta. Idan kuma gindin filin ya kusanci rafi, maganar ta wuce ta fenti. Mazauna rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe sun ga haka a watan Yunin 2023, lokacin da ruwa ya shanye gidaje fiye da 100 har hukumar birnin ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i. A Jos ma, ambaliyar watan Yulin 2012 da ta biyo bayan tumbatsar madatsar Lamingo ta fi yin ɓarna ne a gidajen da ke bakin rafi a Rikkos da Gangare, inda aka rasa rayuka fiye da 30.

Can ƙololuwa kuma akwai nata. Ƙasa ta fi bushewa, iska ta fi kaɗawa, sauro ya fi sauƙi. Sai dai iskar da take sanyaya ɗaki a watan Maris ita ce take yaye kwano a farkon damina, domin hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma gidan da ya tsaya a fili a kan tudu shi yake fara karɓarsa. Tsofaffin magina na birnin Kano da Zariya sun san wannan, shi ya sa bangon gabas ya fi shan yaɓe da makuba. Ga wahalar kai kaya sama, ga hanyar mota da za ta cinye rabin fili, ga ruwan famfo da ba ya iya hawa sai da inji. Sannan idan gidan ya matse da katangar sama, ba a bar wurin da za a tare ruwan maƙwabci a karkatar da shi ba.

A ganina, a yawancin filaye wurin da ya fi dacewa shi ne sama da tsakiya kaɗan. A bar isasshen wuri a bayan gida ta sama don lambatu mai zurfi da zai tare ruwa ya raba shi hagu da dama, a bar kashi mafi girma a ƙasa don tsakar gida da shuka da ramin bahaya. Ba doka ba ce, fili yana iya ƙaryata ta. Idan akwai wani ɗan shimfiɗaɗɗen wuri da Allah ya yi a jikin gangaren, ko ina yake, a fara dubansa. Idan kuma akwai wata 'yar kwarya da ta ratsa filin, inda za ka ga yashi mai laushi da tsakuwa sun taru ko da rani, to hanyar ruwa ce, kuma ko da ita ce ta fi kyan gani ba a ɗora ɗaki a kanta.

Ciko

Nan ne aka fi yin asara, don haka bari mu daɗe a kai.

Hanyar da aka saba ita ce a kira katafila ta yanko ƙasa daga sama ta tura ƙasa, a wuni ɗaya fili ya zama kamar faranti. Mai gida ya zo da yamma ya ga aiki ya yi kyau, ya biya, washegari a fara haƙa fandisho. Abin da ya samu a zahiri fili ne mai rabi biyu. Rabin sama ƙasa ce ta asali da ta shekara dubbai tana danne kanta. Rabin ƙasa kuwa tara ta aka yi jiya, cike da iska da saiwoyi da ciyawa. Idan gida ya hau kan biyun, rabi zai tsaya cak, rabi zai riƙa sauka a hankali duk damina. Bango ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Tsagar takan fara daga kusurwar taga ta haura a karkace, ƙofa ta fara cijewa, tayil ya riƙa ƙara idan an taka. Sai a kira mai filasta ya toshe, baɗi ta sake buɗewa, a ce siminti ne ba shi da kyau ko magini ne ya ci amana. Sau da yawa ba ruwan siminti. Tun ranar katafila aka gama lalata gidan.

Ƙa'idar ba ta da wuya: tushen gini ya sauka har kan ƙasar asali mai ƙarfi, komai zurfin cikon da ke sama. A kan gangare ana yin tushen ne hawa-hawa, kowane mataki a kwance daidai, tsayinsa ya yi daidai da layin bulo, kankaren mataki ɗaya ya hau kan na ƙasa da shi. Ba a zuba kankare a karkace ya bi gangare. Cikon da za a yi a ƙarƙashin daɓe kuma ba a juye shi tifa-tifa a baje. Ana zuba shi ne kaɗan-kaɗan, kaurin da bai wuce taƙi ɗaya ba, a yayyafa ruwa, a danne da inji, sannan a ƙara wani. Aiki ne mai cin lokaci da ba wanda zai gani idan an gama, shi ya sa shi ake fara tsallakewa idan mai gida yana Kaduna yana aiko da kuɗi ta waya.

A Jos da Bukuru akwai ƙarin abin lura. Shekarun da aka yi ana haƙar kuza sun bar tsibin ƙasa da tsofaffin ramuka da aka cike, ciyawa ta rufe su har sun yi kama da tudun Allah. Wanda zai yi gini a irin wannan wuri, gwajin ƙasa ba almubazzaranci ba ne. Ko rami biyu ko uku aka haƙa masu zurfin tsayin mutum a inda ake son ajiye gidan, za a ga bambancin ƙasar da ke kwance jeri-jeri da wadda aka cakuɗa.

Katangar da ta zama madatsa

Al'adarmu ce a fara da katanga. Ita ce shaidar mallaka, ita ce sutura, ita ce take hana wani ya wayi gari ya ce filin nasa ne. A kan gangare kuwa, katangar ƙasa tana tare duk ruwan da ya gangaro. Idan aka ƙara da zuba ciko a bayanta don a daidaita tsakar gida, an ɗora mata aikin da ba a gina ta dominsa ba. Kubik mita ɗaya na ƙasa ya haura tan ɗaya da rabi. Turin da ƙasa take yi wa bango kuma ba ya ƙaruwa daidai da tsayi: idan tsayin cikon ya ninka biyu, turin ya ninka huɗu. Idan ƙasar ta sha ruwa ta ƙoshi, ya sake ƙaruwa sosai. Bulo mai inci tara da ba rodi a cikinsa ba zai jure ba. Shi ya sa katangu suke faɗuwa da tsakar dare bayan mamakon ruwa, kuma ba cikin gidan mai su suke faɗawa ba, kan ɗakin maƙwabcin ƙasa suke sauka.

Bangon tokare ƙasa gini ne na daban. Yana da faffaɗan tushe, da rodi, da tsakuwa a bayansa don ruwa ya samu hanyar sauka, da ƙananan bututu a jikinsa da ruwan zai riƙa tsiyayewa. Na sha ganin an toshe waɗannan ramuka da siminti wai don suna ɓata fenti. Duk bangon da zai riƙe ƙasar da ta haura ƙugun mutum, injiniya mai rajista da COREN ya kamata ya lissafa shi, ba birkila ba, komai daɗewarsa a sana'a. Kuma gajerun bango biyu ko uku a jere sun fi dogo ɗaya aminci, sau da yawa ma sun fi shi araha.

Abin da mutanen gida suke so

Duk wannan lissafin ƙasa ne. Akwai kuma lissafin mutane, wanda ba ya cikin taswirar safiyo.

Maigida yana son falon baƙi kusa da get, yadda baƙo zai shigo ya fita bai ratsa cikin gida ba. Uwargida tana son tsakar gida a shimfiɗe, inda za a yi shanya, a ɗora tukunyar suna, yara su yi wasa ba a fargabar wani ya gangara. Hajiya, mahaifiyar maigida, wadda gwiwa ta fara damu, ba ta son jin zancen matakala ko ɗaya. Mai zane kuma yana ta maganar inda taga za ta kalli gari. Idan aka zauna shawara, sai ka ji uwargida ta ce, “Baban Abba, ni dai kar a kai min kicin inda sai na hau na sauka da tukunya a hannu.” Tana da gaskiya, kuma maganarta ta fi ta taga nauyi.

Gangare yana iya biyan yawancin waɗannan buƙatu idan aka bi shi maimakon a yaƙe shi. Gida mai hawa biyu da tazarar mita ɗaya ko ɗaya da rabi a tsakani, matakala shida zuwa tara ke nan, yana raba ɓangaren baƙi da na iyali fiye da yadda labule ko ƙofa za su raba. Aikin da zaure da shigifa suke yi a gidan gargajiya, ga shi ƙasa ta yi shi kyauta. Abin kiyayewa shi ne kicin da tsakar gida da ɗakin tsohuwa da banɗakinta su kasance a hawa ɗaya, kuma a samu ƙofa guda da za a iya shigowa da mara lafiya ba tare da an ɗaga shi ba. Idan faɗuwar ta kai mita biyu da rabi ko uku, maimakon a binne wannan sarari da burji, ana iya mayar da shi gareji ko sito ko ɗakin samari, muddin an kare bangon da ya jingina da ƙasa daga danshi.

Rana ma tana da ta cewa. Doguwar fuskar gida ta kalli kudu ko arewa ya fi, domin ranar yamma ita ce take mayar da ɗaki tanda. Gangaren da ya fuskanci yamma yana tilasta wa gida kallon inda bai kamata ba, sai a rama da baranda mai zurfi da itatuwa.

Idon maƙwabci, ruwan maƙwabci

Akwai abin da ba a cika tunawa ba sai an tare. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa katanga mai tsayin mita biyu da ɗoriya ta isa sutura. A kan gangare, mutumin da ke sama yana tsaye a barandarsa yana ganin tsakar gidanka har bakin murhu, kai ma kana ganin na wanda ke ƙasa da kai. Wannan kaɗai ya isa ya canza mazaunin gida. Idan ginin ya tsaya ta sama, tsakar gida ta koma ƙasa da shi, to jikin gidan da rufinsa sun zama garkuwa daga idon na sama. Idan aka yi akasin haka, iyali za su ƙare a cikin ɗaki, ko a yi ta ƙara wa katanga layi har ta zama haɗari. Tagogin da suke kallon ƙasa kuma a duba me suke kallo kafin a ɗora linta.

Ba sabuwar magana ba ce. Ibn al-Rami, wani magini da ya yi aiki tare da alƙalan Tunis a ƙarni na 14, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini a mazhabar Malikiyya, kuma leƙen gidan maƙwabci da sakar masa ruwa suna cikin manyan rigingimun da ya tattauna. Har yau su ne. Kowane milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Rufin da ya kai murabba'in mita 200, idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, ya tara lita 10,000. Idan an shafe tsakar gida da siminti, a ƙara nata a kai. Duk wannan ya fito ta rariya ɗaya ya daki gindin katangar wani, ba a buƙatar damina uku kafin a je gaban mai unguwa. Haka ma manyan kwazazzabai suke farawa, daga bakin lambatun da aka gina rabi aka bari yana zuba a kan ƙasa tsirara. Mutanen Gombe, inda zaizaya ta ci gidaje har sai da shirye-shiryen NEWMAP da ACReSAL masu tallafin Bankin Duniya suka shigo, ba sa buƙatar a yi musu bayani. Kafin a tsayar da mazaunin gida, a san inda ruwansa zai fita har ya isa babbar magudana ko kwalbati, ko da hakan na nufin a zauna da maƙwabcin ƙasa a roƙi hanya ta gefen filinsa, a rubuta.

Rijiya da masai kuma tsarinsu a bayyane yake: rijiya a sama, ramin bahaya a ƙasa, da tazara gwargwadon iko. Ma'aikatan lafiya sukan so a samu mita 30, abin da fuloti mai tsawon mita 30 ba zai iya bayarwa ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne, saman filinka gindin filin wani ne, kuma shi ma a gindin nasa zai haƙa sokawe. A leƙa a ga inda ya sa nasa kafin a kira masu burtsatse.

Inda dutse ya fito fili, kamar Mpape da Katampe, tushe yana samun mazauni mai ƙarfi, amma haƙa sokawe da lambatu sai da fasa dutse, kuma tsadarsa tana iya sa a matsar da gidan gaba ɗaya. A ɗaga kai kuma a dubi abin da ke sama: ƙaton dutsen da ke zaune a kan ƙasa mai zaizayewa ba maƙwabcin kirki ba ne, musamman a unguwar da ake fasa duwatsu da nakiya. Mutanen Mpape ba su manta da motsin ƙasar watan Satumbar 2018 ba, wanda ya sa hukuma ta dakatar da aikin fasa dutse a yankin na wani lokaci.

Takardar izinin gini, ko daga sashen kula da gine-gine na Abuja, ko JMDB a Jos, ko KASUPDA a Kaduna, za ta tabbatar an bar tazara kuma ba a hau kan hanya ba. Ba za ta gaya maka inda ruwa yake bi a cikin filinka ba. Wannan sai ka je da kanka a watan Agusta, ana tsaka da ruwa, da lema da takalmin roba, ka tsaya ka ga ta ina yake shigowa, ina yake taruwa, ta ina yake fita, ka kafa turaku a wuraren. Wanda ya sayi fili da rani, ba abin da zai rasa idan ya bar damina ɗaya ta wuce kafin ya haƙa fandisho. A cikin wannan jira zai iya dasa layin jema ko gamba a gicciye a gefen ƙasa na filin, saiwarsu ta fara riƙe ƙasa kafin tifar farko ta iso.